Kibiyar Komawa Baya da Sharuɗɗan Tuba a Ƙasar Birnin Gwari

A ƙasan fuskar wayar Android akwai wata 'yar alama mai kama da kan kibiya, wadda babban yatsa ya fi ido sanin wurinta. A Gayam, ɗaya daga cikin gundumomi goma sha ɗaya na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, wayoyin da ke hannun jama'a irin waɗanda suka cika kasuwannin Arewa ne, Tecno da Itel da Infinix. Dattijon da bai yi boko ba, wanda jikansa ya koya wa sauraren saƙon murya a WhatsApp, wuri biyu kawai ya riƙe a jikin wayar: inda ake dannawa a ji magana, da inda ake dannawa a koma baya. Na biyun ne ke ba shi ƙarfin halin taɓa wayar tun farko. Ko ya shiga inda bai sani ba, ko rubutun Turanci ya cika masa fuska, ya san idan ya yi ta danna kibiyar nan zai dawo inda ya fito.

Mutane sun daɗe da dogara da wannan maɓalli. A 1995 wasu masu bincike biyu a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, Lara Catledge da James Pitkow, sun bi diddigin yadda ake yawo a shafukan intanet, suka tarar kimanin kashi 40 cikin 100 na zirga-zirgar mutane komawa baya ne. Da wayar Android ta farko ta fito a 2008, maɓallin komawa baya a jikinta yake, na roba, ana jin ƙararsa. Daga baya ya koma zane a kan gilashi, sannan daga 2019 aka ba da damar jan yatsa daga gefen fuska a maimakonsa. Siffarsa ta yi ta sauyawa, amma ba a yarda an rabu da shi ba.

Sai dai masu rubuta manhaja sun san abin da mai danna kibiyar bai sani ba: komawa baya ba ta faruwa da kanta, gina ta ake yi. Waya tana ajiye shafukan da mutum ya buɗe ne kamar yadda ake jibge buhunan masara a sito, wani a kan wani. Buhun da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa, kuma ba a kai wa ga na ƙasa sai an ɗauke na samansa ɗaya bayan ɗaya. Duk dannawa guda, buhu guda ke sauka.

Matsala ta ƙaru a 2011, lokacin da Google ya shigo da tsarin rarraba fuska guda zuwa sassa, ta yadda za a iya musanya wani sashe a bar sauran. A manhajar banki, alal misali, jerin bankuna sashe ne, wurin rubuta lambar asusu sashe ne, wurin rubuta adadin kuɗi wani sashen ne, duk a cikin gida ɗaya. Wayar ba ta lissafa waɗannan musanye-musanye da kanta. Sai mai rubuta manhajar ya umarce ta, a kowane mataki, cewa ta rubuta wannan a cikin jerin abubuwan da za a iya warwarewa. Idan ya manta, mutum zai ratsa sassa huɗu, ya danna kibiya sau ɗaya, ya tsinci kansa a waje, duk abin da ya rubuta ya bi iska. Idan kuma ya yi zarin rubutawa, mutum zai yi ta dannawa yana kewaye tsakanin shafi biyu kamar jakin da aka ɗaure a turke. Duk wanda ya taɓa cike fom na neman aiki ko na tallafi a waya ya san ɓacin ran nan guda biyu.

Akwai kuma ƙofar da ake rufewa da gangan. Da zarar kuɗi sun fita, manhaja mai kyau takan share jerin shafukan da suka kai ga biyan, don kada kibiya ta mayar da mutum shafin tabbatarwa ya sake turawa. Shi ya sa ake rubuta gargaɗin cewa kada a koma baya yayin da ake cikin biya. Tun da aka fito da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, kuɗi kan isa cikin daƙiƙoƙi, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa har masu sayar da hatsi a ƙauye karɓar taransifa. Duk mai POS ya san labarin wanda ya kuskure lamba ɗaya, kuɗinsa suka faɗa asusun wani baƙo. Zai iya danna kibiya sau ɗari, fuskar waya za ta koma shafin farko tsaf kamar ba a yi komai ba, amma kuɗin suna can. Dawo da su sai an je banki, sai wanda suka faɗa wa ya amince, in ya ƙi kuma sai kotu. Kibiyar tana mayar da abin da ido ke gani, ba ta mayar da abin da hannu ya aikata.

A nan ne zancen waya ya haɗu da tambayar da ta fi damun ƙasar Birnin Gwari tun daga ƙarshen 2024.

Ba sai an tuna wa mutumin Gayam abin da ya faru ba. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin sama da murabba'in kilomita dubu ɗaya, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja da Katsina, ya zama mafakar ɓarayin shanu, daga baya na masu garkuwa da mutane. A watan Mayun 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana guda. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda manyan motoci ke bi su gangara Tegina su nufi kudu, ta zama sai da rakiyar sojoji. Manoma sun biya 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka, sun sake biya kafin su girbe. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankin, aka hana hawa babur, bayan an riga an rufe kasuwannin mako, sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido da sabis. A ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga, a kan wannan hanya dai, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. Sannan a ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya karɓi rukunin farko na waɗanda aka kira tubabbun 'yan bindiga, ya buɗe karar shanun da ta yi kimanin shekara goma a rufe.

Hanya ta buɗe, motoci sun koma bi, mutane da dama sun koma gonakin da suka bari. Wanda ya kwana shekaru yana jiran ƙarar babura da tsakar dare ba zai raina wannan ba, kuma bai kamata wanda ke zaune a Kaduna ko Abuja ya raina masa ba. Amma kalmar da aka zaɓa tana da nauyi. Ba a ce masu sulhu ba, ba a ce waɗanda suka tsagaita ba, an ce tubabbu. Tuba kuwa kalmar addini ce, Hausa ta aro ta daga Larabci, kuma asalin ma'anarta a can shi ne komawa. To wace irin komawa ce wannan? Irin ta kibiyar waya ce, wadda ke share fuska ta bar aiki inda yake, ko kuwa wata ce daban?

Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san ba yau malaman Malikiyya suka fara tsara komawa baya ba. Littafin Ahalari, wanda Abdurrahman al-Akhdari na ƙasar Aljeriya ya rubuta a ƙarni na 16, wanda kuma da shi ɗalibin fiƙihu ke farawa a ƙasar Hausa, yana da dogon babi a kan rafkanuwa a sallah, kuma rabinsa amsar tambaya ɗaya ce: yaushe ake komawa, yaushe ake wucewa? Mutumin da ya manta zaman tahiya na farko ya yunƙura zai miƙe, idan ya tuna tun hannuwansa da gwiwoyinsa ba su rabu da ƙasa ba, sai ya koma ya zauna, babu komai a kansa. Idan sun riga sun rabu, ba ya komawa, sai ya ci gaba ya yi ƙabli kafin sallama. Tsakanin hukuncin farko da na biyu tazarar ba ta wuce ɗaga tafin hannu ba. A cikin wannan ɗan motsi ƙofar komawa kyauta ta rufe, wata ƙofa ta gyara ta buɗe, wadda ke gaba.

Haka abin yake a aure, inda Hausa ma ta ba shi suna nata, kome. Bayan saki ɗaya ko biyu, matuƙar idda ba ta cika ba, miji na iya yin kome ba tare da sabon sadaki ba. Idan idda ta cika, komawar tana nan amma da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki da yardar matar. Bayan na uku kuwa an share jerin gaba ɗaya. Mataki uku ke nan: komawa kyauta, komawa da biya, da ƙofar da aka rufe da gangan don kada mutum ya mayar da rayuwar wani abin wasa, yana shiga yana fita. Mai rubuta manhajar banki da ya hana kibiya komawa shafin biya, da ya karanta wannan babi da ya gane shi.

Shi wannan Ahalarin, kafin ya kai ga tsarki da sallah, da sharuɗɗan tuba ya fara: nadama a kan abin da ya wuce, niyyar ba za a sake ba, da barin saɓon nan take idan ana cikinsa. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa bayan an ɗan yi nisa, ta sanya mayar da kayan zalunci ga masu su a cikin tuba. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya raba abin biyu: idan laifin tsakanin bawa da Ubangijinsa ne sharuɗɗa uku ne, idan kuwa ya shafi haƙƙin wani mutum sai a ƙara na huɗu, a fita daga haƙƙin mai haƙƙi, dukiya ce a mayar, mutunci ne a nemi yafewa. Wannan na huɗun shi ne zuwa banki. Uku na farko a zuci suke, babu mai ganinsu sai Allah. Na huɗu a fili yake, yana da adadi, yana da suna, yana da ƙofar gida.

Alƙur'ani bai bar maganar ɗan fashi a dunƙule ba. A cikin suratul Ma'ida, aya ta 33 ta jero hukuncin masu tare hanya da ɓarna a bayan ƙasa, aya ta 34 kuma ta keɓe waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu. Masu goyon bayan sulhu suna da gaskiya idan suka kafa hujja da ita: shari'a ta buɗe wa ɗan ta'adda ƙofa, kuma ta buɗe ta ne daidai lokacin da yake da sauran ƙarfi, don ya sami dalilin sauka da kansa. Wanda ya ce ba a taɓa karɓar tubar mai bindiga ya tsananta fiye da ayar. Amma me tubar ke kayarwa? Ibn Rushd, a cikin Bidayatul Mujtahid, ya kawo ra'ayoyi huɗu na malamai, ya kuma danganta wa Imam Malik mafi tsaurinsu: haddin fashi kaɗai ke faɗuwa, sauran haƙƙoƙi suna nan a wuyansa, na jini da na dukiya. Hatta ra'ayi mafi sauƙi a cikin huɗun bai bar masa dukiyar mutane da ke hannunsa ba. A mazhabar da ƙasar Hausa ke bi, hukuma na iya yafe abin da yake nata, wato hukuncin tawaye da tare hanya. Jinin mijin wata da kuɗin fansar da aka sayar da gona aka biya ba na gwamna ba ne balle ya yafe su. Masu su ne kaɗai ke iya yafewa, kuma ba a yafe abin da ba a tambayi mutum a kansa ba.

A ƙa'idojin da Google ya shimfiɗa wa masu rubuta manhaja an bambanta komawa iri biyu. Akwai kibiyar da ke sama a kusurwar shafi, wadda ke ɗaga mutum zuwa shafin da ya haifi wanda yake ciki, har ya kai tushe. Akwai kuma ta ƙasa, wadda ke bin sawun mutum a jere, daga na ƙarshe zuwa na farko. Tuba tana da waɗannan fuskoki biyu. Tsakanin bawa da Allah hanya miƙaƙƙiya ce, ba ta da layi, kuma hadisi ya nuna a buɗe take har sai rai ya kai maƙoshi. Tsakanin mutum da mutane kuwa sai an bi sawu, buhu bayan buhu: shanun wane, ɗiyar wane, rumbun wane da aka ƙone. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a danna ta sama a ɗauka ta ƙasa ma ta dannu.

Arewa maso yamma ta ga abin da ke biyo bayan haka. Buharin Daji ya yi sulhu da gwamnatin Zamfara a ƙarshen 2016, ya koma ɓarna, aka kashe shi a daji a Maris 2018. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, ya miƙa bindigogi a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya rantse da Alƙur'ani, kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, a can kuma ajalinsa ya same shi. Aminu Bello Masari, lokacin yana gwamnan Katsina, ya gwada sulhu fiye da sau ɗaya, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Bahaushe yana da suna ga wannan tun kafin a ƙera AK-47, tuban muzuru, ana tuba kaza na baki. Abin lura shi ne a waɗannan sulhun an fi kula da hoton miƙa bindiga fiye da lissafin abin da aka ƙwace. Wanda ya fito daga daji bai biya komai ba, bai tsaya gaban kowa ba, bai ambaci sunan ko mutum ɗaya da ya zalunta ba, komawarsa dajin ba ta da tsada. Komawar da ba ta ci wa mutum komai ba, warware ta ma ba za ta ci masa komai ba.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa jerin nan ba na gefe ɗaya ba ne. Fulani makiyaya na cikin waɗanda aka fara sace wa shanu a wannan daji. An kashe waɗansu a kasuwanni da kan hanya ba tare da shari'a ba, a hannun 'yan sa-kai, don kawai kamanninsu. An ƙone rugage. Idan za a buɗe littafin haƙƙoƙi, shafinsu na ciki, kuma ɗan sa-kan da ya kashe marar laifi yana buƙatar tuba da sharaɗinta na huɗu kamar yadda ɗan bindiga ke buƙata. Littafin da ya rubuta asarar ƙauye ya tsallake ta ruga ba zai kai kowa gida ba, zai dai mayar da mutane shafin da rikicin ya fara.

Za a ce wannan magana ce ta malamai, ba ta aiki a ƙasa. Wa zai tilasta wa mai ɗauke da bindiga biyan diyya? Ina za a samo shanun da aka sayar shekara takwas da suka wuce? Idan aka matsa, ba sai a rasa ɗan zaman lafiyar da aka samu ba? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma manomin da ya samu ya yi shuka bana yana da haƙƙin ya ce a bar kaza cikin gashinta. Sai dai fiƙihu bai ce sai an biya komai a yini ɗaya ba. Ya san wanda ba shi da halin biya, ya san bashin da ke zama a wuya har a samu, ya san sulhu a kan wani ɓangare, ya san diyyar da dangi ke haɗawa, ya kuma kwaɗaitar da yafewa ƙwarai. Abin da bai sani ba shi ne a yi kamar ba a ci bashin ba. Matakin farko ba ya buƙatar ko kwabo: a rubuta. Kowace gunduma, Gayam da Kakangi da Randagi da Kuyello da Dogon Dawa da sauransu, tana da dagatai da masu unguwanni da limamai da suka san wanda aka kashe, da wanda aka sace, da abin da aka biya. Masarauta a ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu tana da tsarin da zai iya tattara wannan. Manhajar da ba ta rubuta matakanta ba, ba ta iya komawa ko da mai ita ya so. Al'ummar da ba ta rubuta nata ba, ranar da aka sami halin biya ko niyyar neman gafara ba za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba, domin tsofaffin da suka riƙe lissafin a ka suna ta tafiya.

Ko an yi duk wannan, akwai abin da ba ya dawowa, kuma addini bai ɓoye shi ba. Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya zo ya musulunta bayan shekaru. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa, bai ɗauki fansa ba, amma kamar yadda Bukhari ya ruwaito ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. An karɓi tuba cikakkiya, zuciya kuma ba ta koma yadda take ba, kuma ba a ɗauki hakan tawaya ga mafificin halitta ba. Wannan ruwaya rahama ce ga matar da za ta haɗu da wanda ya kashe mijinta yana cinikin sa a kara. Ba a ɗora mata ta yi masa fara'a ba. Shi ne aka ɗora wa ya san inda zai tsaya. Wahshi kuma bai tsaya jiran a manta ba, ya nemi aikin da zai sa a ɗaya gefen ma'auni, har ya kai ga Musailama a yaƙin Yamama da mashinsa.

Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100 ma haka ya nuna. Malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya haɗa masa da umarnin ya bar ƙasarsa ya tafi wata inda ake bauta wa Allah, kada ya dawo. Komawarsa ga Allah ta kasance tafiya gaba ce a ƙasa. Ga tubabben da ya ci gaba da zama a sansaninsa, da yaransa da makamansa da hanyoyin da ya saba bi, wannan tambaya ce da ba a amsa ba tukuna.

Hannah Arendt, masaniyar falsafa Bayahudiya da ta tsere daga Jamus zamanin Hitila, ta rubuta a 1958 cewa aikin ɗan Adam yana da ciwo biyu: ba a warware shi, kuma ba a san inda zai ƙare ba. Maganin na farko a wurinta yafewa ne, na biyu kuma alkawari. Ta kuma lura cewa babu mai iya yafe wa kansa, sai wani ya yafe masa. Bahaushe ya riga ya ga ciwon farko a jikin jinka, ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Suratul Mu'minun ta kai shi ƙarshensa, inda ta ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya gyara, aka ƙi. Duk sauran ƙofofin da fiƙihu ya tsara, na sallah da na aure da na fashi, a gaban wannan ƙofar suke, kuma saboda ita ne suke da gaggawa.

Tun daga Android 13 a 2022 Google ya fara gwada wata dabara: idan mutum ya fara jan yatsa don komawa, shafin da yake ciki sai ya ɗan tsuke ya leƙo masa da inda zai faɗa, ya ga ko can yake nufi kafin ya saki. Dalili shi ne mutane da yawa suna komawa su tarar ba inda suka zata ba ne. Masu komawa ƙauyukan Birnin Gwari ba su da wannan leƙe. Gonar da aka bari shekara biyar ko shida ta zama saura, sabara da geza sun rufe ta, sai an sake sassabe kamar sabon daji. Gambar da ta raba iyaka ta bazu ko ta ƙone, dattijon da ya san inda iyakar take ya rasu a gudun hijira. Shanun huɗa an sayar an biya fansa, don haka wanda ya saba noma da garma ya koma fartanya. Jinka ta zube, rijiya ta cike, yaron da aka fita da shi a goye ya isa shiga makaranta bai san hanyar rafi ba. Haka suke tarar da garin, su sauke kaya, su fara da share inda za a kwana.